Zauren Tambaya: Wasiƙun Marubutan Ayalan, da Akwatin da Aka Bari a Gangare

Watan jiya na ambaci wasiƙun marubutan ƙasar Ayalan a gurguje, ina tsakiyar wata magana daban, sai ga tambayoyi sun yi ta shigowa a kai. Na zaɓi huɗu. Na rage tsawon wasu saboda fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce, ina aji uku a sashen adabin Turanci. Malaminmu ya ba mu aiki a kan littafin gajerun labarai na James Joyce, ya ce kada kowa ya kawo masa rubutu sai ya karanta wasiƙun da Joyce ya yi da masu buga masa littafi. Ni dai ban ga amfanin abin ba. Littafin yana hannuna, na karanta shi. Ina ruwana da wasiƙun mutane? Wannan ba leƙen asiri ba ne?
Ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malamin nan gata ya yi muku. Littafin da kike nufi shi ne Dubliners, labarai 15 a kan mutanen Dublin, babban birnin Ayalan. In kin buɗe shafin farko za ki ga an fara buga shi a 1914. Abin da shafin ba zai gaya miki ba shi ne tun ƙarshen 1905 marubucin ya aika da shi Landan, kuma labarai 12 ne kacal a lokacin. Abin da ya faru a shekara takwas da rabin da ke tsakani, kusan dukkansa daga wasiƙu muka san shi.

Joyce yana zaune a Trieste, birnin da yau yake cikin Italiya, a lokacin, yana koyar da Turanci a wata makarantar harsuna, albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga iyali ga jariri. Mai kamfanin buga littattafai Grant Richards ya karɓi littafin a farkon 1906. Sai Joyce ya ƙara aiko da wani sabon labari, na wasu samari biyu 'yan zaman kashe wando da ke yaudarar wata 'yar aiki don su raba ta da kuɗi. Richards bai karanta ba ya miƙa wa maɗaba'a. Mai ɗab'in shi ya karanta, ya ce shi kam ba zai jera waɗannan haruffa ba, ya kuma bi wasu labaran da fensir yana ja wa wurare layi, har da wata kalmar ashar da bakin mutanen Dublin ya saba da ita.

Kada ki yi saurin zagin mai ɗab'in. A dokar Ingila ta wancan zamani, in aka ce littafi batsa ne, ba marubuci da mai kamfani kaɗai ake gurfanarwa ba, har da wanda ya buga. Shi kuma Richards bai daɗe da fitowa daga karayar arziki ba, ba shi da ƙarfin shiga kotu. Wannan tsoron ne yake magana a kowace wasiƙa da ya rubuta.

Joyce ya yi ta mayar da amsa, doguwa bayan doguwa. A nan ne ya yi wani abu da duk lokacin da na karanta sai tausayinsa ya kama ni. Don ya nuna wa Richards cewa ƙorafin ba shi da kan gado, sai ya shiga lissafa masa: kalmar da kuke ƙi a wannan labari ai tana cikin wancan da wancan, ba ku ce uffan ba, ga kuma labarin yara biyu da suka gudu daga makaranta suka gamu da wani dattijo mai mugun nufi, wanda ya fi duk waɗannan nauyi, me ya hana ku tankawa? Richards ya koma ya duba, ya ce to shi ma a cire shi. Garin neman gira aka rasa ido.

Amma cikin wannan jayayya ce Joyce ya faɗi abin da yake nufi da littafin, abin da bai faɗa ba a cikin littafin kansa. A watan Mayu 1906 ya rubuta cewa nufinsa ya rubuta babi ɗaya na tarihin ɗabi'un ƙasarsa, kuma ya zaɓi Dublin ne don a ganinsa nan ce cibiyar shanyewa, wato mutane suna raye amma sun kasa motsi. A watan Yuni ya ce ba laifinsa ba ne in labaransa suna warin juji, kuma hana mutanen Ayalan su kalli kansu ko sau ɗaya a madubin da ya goge musu zai jawo wa ƙasar koma baya. Yawancin sharhin da za ki karanta a kan littafin nan daga waɗannan layuka yake tasowa. Gara ki gan su da idonki, da fushin da ke kewaye da su.

Kafin 1906 ta ƙare Richards ya mayar masa da kayansa. A 1907 Joyce ya rubuta labarin da yanzu yake rufe littafin, mafi tsawo a ciki, wanda mafi yawan masu karatu ke cewa shi ne gwani. Da an buga a 1906 yadda aka shirya, da littafin da ke hannunki babu shi a ciki.

Zagaye na biyu a gida aka yi, kuma ya fi muni. A 1909 kamfanin Maunsel na Dublin ya karɓa. Manajansa George Roberts ya fara da cewa akwai wurin da wani a cikin labari ya yi maganar Sarki Edward na Bakwai ba da ladabi ba. Da abin ya ishi Joyce, a 1911 ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Sarki George na Biyar, ɗan marigayin, ya haɗa da shafin, yana tambaya ko akwai cin mutunci a ciki. Sakataren fada ya amsa cewa ba al'adar sarki ba ce ya faɗi ra'ayi a irin wannan lamari. Aka wuce nan, Roberts ya koma kan sunaye: Joyce ya sa sunayen mashaya da shaguna na gaske, masu su za su iya kai ƙara. A watan Satumba 1912, bayan an riga an buga shafukan kwafi 1,000, mai ɗab'in ya lalata su baki ɗaya. Joyce ya tsira da kwafin gwaji, ya bar Dublin, bai sake taka ƙasar Ayalan ba har ya mutu a Zurich a 1941. Ƙarshe dai Richards ɗin nan ne ya dawo ya buga littafin a watan Yuni 1914, da sharaɗin marubuci ba zai ga ko kwabo ba a kwafi 500 na farko, kuma shi da kansa zai sayi 120.

Na yi shekaru ina aikin gyaran rubutu a wata maɗaba'a nan Jos, shi ya sa labarin nan yake taɓa ni. Na san kamannin fayil ɗin littafi guda: wasiƙar marubuci ta farko da rubutu a tsare, ta biyu da ɗan zafi, takardar manaja mai layi uku, lissafin kuɗin takarda a bayan ambulan, da shafin da aka soke sakin layi da jan biro aka rubuta a gefe cewa hukuma ba za ta so ba. Mai karatu ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. Da aka rufe maɗaba'ar, a buhu aka zuba fayilolin nan aka sayar wa masu tsire da masu ƙosai. Littattafan suna nan a gidajen mutane. Wanda ya soke me, kuma don me, ba mai iya gaya miki yau.

Batun leƙen asiri kuwa, kina da rabin gaskiya. Wasiƙar marubuci da mai buga masa littafi ta aiki ce, ba ta ɗaki ba. Amma akwai waɗanda Joyce ya rubuta wa Nora, uwar 'ya'yansa, a 1909, zancen namiji da matarsa, waɗanda masanin nan ɗan Amurka Richard Ellmann ya buga a 1975. A ganina ba su ƙara wa kowa fahimtar labari ko ɗaya ba, kuma aikinki bai buƙace su.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na rubuta littafi a kan wata yarinya da ta tashi a sansanin 'yan gudun hijira. Editan wani kamfani ya riƙe shi wata da watanni, sannan ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa tunda ban taɓa kwana a sansani ba, ban san abin da nake rubutawa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina so in ɗauki hoton saƙon in sa a Facebook, duniya ta yi mana hukunci. Me ka gani?
Marubuci, Rikkos, Jos

AMSA: Sannu ɗana, abin akwai ciwo. Amma kafin ka danna, ka ji labarin wanda ya riga ka yin haka, domin kusan maganar da aka gaya maka ita aka gaya masa.

Seán O'Casey lebura ne a Dublin, ya yi aikin hanyar jirgin ƙasa da na gini kafin ya zama marubucin wasan kwaikwayo. Tsakanin 1923 da 1926 gidan wasa na Abbey da ke Dublin ya nuna wasanninsa uku a kan talakawan unguwannin Dublin a zamanin tawaye da yaƙin basasa, kuma su ne suka cika kujerun gidan a lokacin da asusunsa ya kusa ƙafewa. Cikin shugabannin gidan akwai mawaƙi W. B. Yeats, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1923, da Lennox Robinson, da Lady Gregory, dattijuwar da ta riƙe O'Casey kamar ɗanta. A 1928 ya aiko musu da sabon wasa, The Silver Tassie, labarin gwanin ƙwallo da ya tafi Yaƙin Duniya na Farko ya dawo ƙafafu a shanye.

Yeats ya rubuta masa a watan Afrilu cewa bai damu da yaƙin ba, bai taɓa tsayawa a fagensa ba, bai zagaya asibitocinsa ba, saboda haka ra'ayinsa kawai ya zuba a takarda. Aka kuma ba shi shawara ya ce shi ne ya janye wasan don gyara, a rufa wa juna asiri. Lady Gregory, da zuciya ɗaya, ta tattara ra'ayoyin shugabannin yadda suke ta aika masa, tana ganin faɗa masa gaskiya ba kwaskwarima shi ne girmama shi.

O'Casey ya amsa, kuma amsar ta amsu. Ya tambayi Yeats ko da gaske yake cewa ba mai ikon rubutu a kan yaƙi sai wanda ya tsaya a fagensa, ya tambaye shi ko Shakespeare ya halarci yaƙin Actium ko na Philippi, yaƙe-yaƙen Rumawan dā, kafin ya sa su a wasa. Da ya tsaya nan, da ya gama. Sai ya kwashi wasiƙun duka, nasa da nasu, ya aika wa jaridu, aka buga su a Landan da Dublin a watan Yuni 1928.

A hujja O'Casey ne ya ci, ba ni da shakka. Yeats ya yi kuskure, editanka ma ya yi, in dai iyakar hujjarsa ke nan. An nuna wasan a Landan a 1929, Abbey ma ta nuna shi a 1935 bayan sun shirya da Yeats. Amma dubi abin da ya salwanta. O'Casey ya rabu da dandamalin da ya san shi, da 'yan wasan da yake rubutu yana jin muryoyinsu a kunnensa. A Ingila ya ƙare rayuwarsa, ya mutu a 1964, kuma har yau wasannin nan uku na farko su aka fi nunawa. Wadda ta fi jin ciwon kuwa ba Yeats ba ne. Lady Gregory ta nemi ta ziyarci O'Casey a Landan ta ga matarsa da ɗansa, ya ƙi. Ta rasu a 1932 ba su sake haɗuwa ba.

Ka rubuta wa editan amsa, shi kaɗai, ka zuba hujjarka duka yadda O'Casey ya zuba, ka bar ta ta kwana kafin ka aika. Sannan ka sake karanta saƙonsa da sanyin rai, ka ga ko a ƙarƙashin rashin iya maganarsa akwai wata gaskiya. Wataƙila yarinyar taka tana magana kamar rahoton ƙungiyar agaji. Wataƙila ba ka san me ake karyawa da shi a sansani ba, ko a hannun wa katin rabon abinci yake kwana. Wannan ana gyara shi da zama da waɗanda suka yi rayuwar, kuma ba sai ka bar Filato ba za ka same su. Ka kuma sani cewa a doka saƙon da aka aiko maka naka ne ka riƙe, amma haƙƙin mallakar kalmomin na wanda ya rubuta ne.

Editoci ba iri ɗaya ba ne. A watan Disamba 1964 mujallar New Statesman ta Landan ta buga waƙoƙi uku na wani matashin malami, ɗan manomi daga arewacin Ayalan, Seamus Heaney. A Janairu 1965 Charles Monteith na kamfanin Faber ya rubuto masa yana tambaya ko akwai saura. Littafinsa na farko ya fito a 1966, kyautar Nobel ta zo a 1995. Irin wannan edita shiru yake karatu, kuma yana ganin abin da marubuta ke liƙawa a Facebook. Saƙon dai kada ka goge shi, ka adana shi tare da rubutun.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin Hausa ne a sakandare. Duk waɗanda ka ambata da Turanci suka yi rubutu. Mutanen nan ba su da harshen kansu ne? In akwai, masanansa sun bar wasiƙu?
Malami, Bukuru

AMSA: Suna da shi, Malam, Gaelik ake ce masa, kuma yana cikin harsunan Turai da aka daɗe ana rubutawa. Wanda na fi so a masanansa shi ne John O'Donovan. A 1824 gwamnatin Birtaniya ta fara safiyon ƙasar Ayalan baki ɗaya don tsara haraji. Taswira tana buƙatar sunan kowane ƙaramin yanki, su fiye da 60,000, yawancinsu da Gaelik, sojojin safiyo kuwa ba harshensu ba ne. Aka ɗauki O'Donovan. Daga 1834 ya shiga ƙasa, sau da yawa a ƙafa, yana neman tsofaffin kowane ƙauye ya ji yadda suke furta sunan wurin, ya gwada da abin da ke tsofaffin rubuce-rubuce, da dare ya zauna ya rubuta wa shugabansa Thomas Larcom a Dublin. Sunan wuri aka aike shi nema, amma wasiƙun suka cika da kufan majami'u, da rijiyoyin da ake ziyarta, da asalin dangogi, da labaran da tsofaffi suka ba shi, har da kukan ruwan sama da jiƙaƙƙen gado a masauki. 'Yan shekaru bayan ya gama, babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wani miliyan ya yi ƙaura, kuma yankunan masu Gaelik ne suka fi shan wuya. Wasiƙun suna nan a Royal Irish Academy a Dublin. Duk lokacin da na bi ta Barikin Ladi ko Mai Adiko sai in tuna shi: ga sunayen barikokin kuza da kakanninmu suka raɗa, ga waɗanda Birom suka san wuraren da su tun kafin nan, kuma tsofaffin da suka san dalilin kowanne suna ta ƙarewa.

Na biyu ya fi kusa da aikinka. Tomás Ó Criomhthain masunci ne a tsibirin Blasket, can ƙarshen yamma, inda mutane ba su kai 200 ba. Sai da ya manyanta ya koyi rubuta harshensa. A 1917 wani matashi mai ilimi, Brian Ó Ceallaigh, ya zo tsibirin koyon Gaelik, ya lallashe shi ya rubuta rayuwarsa. Tsohon ya riƙa cika shafuka yana aikawa ta gidan waya, shekara da shekaru, kuma daga waɗannan ambulan aka haɗa tarihin rayuwarsa da ya fito a 1929. Editan da ya shirya shi, malami mai kishin harshe, ya cire wuraren da ya ga sun yi kaushi. Sai a 2002 aka buga rubutun cikakke, kuma an iya hakan ne don shafukan asali sun tsira. Mutanen tsibirin kuwa an kwashe su tun 1953.

Kai da kake koyar da Ruwan Bagaja ka san inda na dosa. A gasar 1933 da Rupert East ya shirya, edita ne a gefe ɗaya, matasan malamai a ɗaya gefen, gidan waya a tsakani. In ɗalibi ya tambaye ka ina hannun Abubakar Imam ya tsaya, ina na East ya fara, a takardun da suka yi musaya za a nemi amsar. Mu ma ba baƙin wannan al'ada ba ne. Muhawarar Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno kan halaccin yaƙin jihadi ta wasiƙa aka yi ta, kuma muna karanta hujjar al-Kanemi yau saboda Bello, abokin jayayyarsa, ya kwafe ta a Infaƙul Maisuri.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya rasu bara. Akawu ne a kamfanin kuza tun yana saurayi, kuma mai son rubutu. Mun buɗe akwatinsa na ƙarfe muka tarar da wasiƙu maƙil, da ajami da boko da Turanci. Akwai na wani Bature ɗan Ayalan da ya koyar da shi, suka ci gaba da rubuta wa juna bayan ya koma gida. Akwai amsoshin editan jarida kan waƙoƙin da yake aikawa. Akwai kuma na wata rigimar gida da ba mu taɓa sani ba. Yayyena maza sun ce a ƙona duka, saboda akwai sunan Allah a ciki kada a wulaƙanta, kuma asirin mamaci ne. Ni zuciyata ta ƙi.
Hajiya, Gangare, Jos

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Hajiya, dalilan yayyenki duka biyu na mutunci ne, kada ki ɗauke su jahilai. Sai dai abin da ke akwatin nan kashi uku ne yadda ke da kanki kika lissafa, wuta kuwa ba ta tantancewa.

Mutanen Ayalan sun gwada ƙonawar. Jikan Joyce, Stephen, ya tsaya gaban taron masana a Venice a 1988 ya ce ya lalata wasiƙun da gwaggonsa Lucia ta rubuto masa. Lucia 'yar Joyce ce, ta shafe shekaru masu yawa a asibitin masu taɓin hankali a Ingila har ta rasu a 1982. Stephen ya gaji da masu tonon asirin gidansu, kuma bayan wasiƙun Joyce zuwa ga Nora da aka buga a 1975 ban ga laifin fushinsa ba. Ɗan Yeats da 'yar Ezra Pound suna wurin, su ma 'ya'yan marubuta, suka nuna ba su yarda ba. Abin da ya biyo baya kuma bai ba shi abin da yake so ba. Ba a daina rubutu a kan Lucia ba, sai dai muryarta ta ragu a ciki, hasashen wasu ya ƙaru.

Sun kuma gwada wata hanyar. Paul Léon Bayahude ne ɗan Rasha, ya yi shekaru yana kula da wasiƙun Joyce a Paris. Da Jamusawa suka mamaye birnin a 1940 iyalin Joyce sun riga sun fita. Léon ya koma, ya kwashe takardu daga gidan, ya damƙa wa ofishin jakadancin Ayalan da sharaɗin a kai su Ɗakin Karatu na Ƙasa a Dublin, kada a buɗe sai bayan shekara 50 da mutuwar Joyce. An kama shi a 1941, aka kashe shi a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, a 1942. An buɗe takardun a 1992, wasu ma aka sake rufe su har 2050. Samuel Beckett, wani marubucin Ayalan, shi da bakinsa ya yanke: a 1985 ya yarda a buga wasiƙunsa bayan mutuwarsa, amma waɗanda suka shafi aikinsa kawai. An gano fiye da 15,000, aka buga kimanin 2,500 a juzu'i huɗu tsakanin 2009 da 2016.

Baba bai bar wasiyya a kan wannan ba, saboda haka ku magada ne za ku yanke, kuma tare, domin takardun nan ma gado ne. Batun sunan Allah ki kai wa limamin unguwarku. Abin da ake gudu shi ne a yar a juji ko a taka, kuma rubuce-rubucen Larabci da ke gidan tarihi na Jos da bisimilla suka fara, ajiye su aka yi.

Kafin ku zauna, ga aikin hannu. Ki ɗage akwatin daga ƙasa, nesa da bango, saboda gara da danshin damina. Kada ki wargaza jerin da Baba ya bari, in ya ɗaure wasu tare akwai dalili. Ki cire fil da roba a hankali, tsatsa tana cin takarda. Ambulan kada a yar da ko ɗaya, sau da yawa hatimin gidan waya da ke kan kan sarki shi kaɗai ne kwanan watan wasiƙa. Kada a kai wa masu laminatin, kada a manna salatif a inda ya yage. Ki ɗauki hoton kowace takarda da waya a hasken rana, gaba da baya, ki ajiye hotunan wuri biyu, ɗaya a wajen gidan. A ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasar Ayalan, ma'ajiyar takardun ƙasar da ke Four Courts a Dublin ta tashi da wuta, takardun ƙarni bakwai suka tafi. Abin da aka farfaɗo da shi a intanet a 2022 daga kwafe-kwafen da suka watsu a wasu wurare aka tattaro shi.

In Inna tana raye, ko wani sa'an Baba, ki zauna da su da wuri, ki riƙa nuna musu suna da rubutun hannu suna gaya miki wane ne wannan, kina rubutawa da fensir a takarda daban. Wasiƙun malamin nan da na editan jarida, in kun yarda, Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna su ne wuraren da za ku tuntuɓa, kuma kada ku miƙa komai sai da yarjejeniya a rubuce da jerin abin da aka karɓa. Na rigimar gidan kuwa ku zuba su a ambulan ɗaya, ku liƙe, kowane magaji ya sa hannu a bakin, a rubuta shekarar da za a buɗe da sunan wanda zai riƙe. Léon shekara 50 ya ce. Ku duba shekarun waɗanda aka ambata a ciki da na 'ya'yansu, ku zaɓi taku.